Neman 'Yar Tsawa a Hamadar Dibdiba

A hutun ƙarshen shekarar 2023 Allah ya nufe ni da zuwa Umra. To, ba zan cika ku da labarin Makka da Madina ba, don alhazanmu na Garwa da Marwa da Ngaundare sun fi ni saninsu nesa ba kusa ba. Labarin da na zo da shi na wani ɗan abu ne mai kama da tumuku, wanda saboda shi na bar Madina na yi tafiyar fiye da kilomita 800 a mota, na kuma sha sanyin da ban taɓa shan irinsa ba tun da aka haife ni.

Asalin maganar daga zauren Malam ta taso. Tun ina saurayi, kafin in tafi makarantar horon malamai, nake ɗaukar karatu wurin wani dattijo a unguwarmu, har yau kuma ban daina ba. Akwai hadisin da Buhari da Muslim suka kawo daga Sa'idu ɗan Zaidu, wanda ya ambaci wani abu mai suna kam'a, ya danganta shi da mannun da aka saukar wa Bani Isra'ila, ya kuma ambaci amfanin ruwansa ga ido. Duk lokacin da karatu ya kawo wurin, Malam yakan fassara kam'a da naman kaza, sa'an nan ya ɗan yi jim, ya ce haka ya ji daga malaminsa, amma shi bai taɓa gani ba, kuma hankalinsa bai kwanta da fassarar ba. Shekara ashirin da wani abu ina jin wannan jim ɗin. Ana nan har yana ta rufe masa ido ɗaya, ta fara cin ɗayan, sai dai almajirai su karanta shi kuma ya gyara musu da ka.

Ranar da na je yi masa sallama, ya riƙe hannuna ya ce, “Metir, kowa zai ce ka kawo masa zamzam da dabino. Ni kam'a nake so. In ba ta ɗaukuwa, to ka dube ta da kyau ka zo ka faɗa mini yadda take.” Na ce, “Allah gafarta Malam, in Allah ya yarda.” Na fita ina ganin abu ne mai sauƙi, wato in shiga kasuwa in saya in ƙulle a jaka.

Ashe ba haka ba ne. A Madina na tambayi masu sayar da dabino da habbatussauda, wasu suka dube ni sheƙeƙe, sai wani tsoho ya gane abin da nake nufi. Ya ce kam'a sunan littafi ne, mutanen ƙasa faga'a suke cewa, kuma in ina son in ga inda take fitowa sai na nausa arewa, wajen iyakar Iraƙi da Kuwait. Allah da ikonsa, ina da kawu a can, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tafi tun wajen 1980 da wani abu ya zauna a wani gari mai suna Hafar al-Batin, yana tuƙin motar ɗaukar tumaki. Da can mai bizar Umra ba ya wuce Makka da Madina da Jidda, amma yanzu an sassauta, yana iya zaga ƙasar. Na buga wa Kawu waya. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Ɗana, shekara nawa ina cewa ka zo ba ka zo ba, sai faga'a ce ta kawo ka? To, sayi bargo.”

Na shiga babbar motar safa da dare, muka bi ta Buraida a yankin Ƙasim. Gari ya waye mana muna ratsa Dahna, wato wani dogon zirin jan rairayi da ya raba Najdu da gabashin ƙasar. Da muka fita daga rairayin sai ƙasa ta miƙe shimfiɗe kamar tabarma, ba tudu ba itace, sai tsakuwa da 'yan ciyayi, da tantunan makiyaya nan da can, kowanne da tankar ruwa a gefe. Maganar bargo kuwa gaskiya Kawu ya faɗa. Mu mutanen Garwa in hunturu ya ɗan busa a bakin Binuwai sai mu yi ta kuka, alhali wasa ne. A can da asuba na taɓa ruwan alwala na ji kamar an sare mini yatsu.

Hafar al-Batin gari ne babba a cikin kwarin da ake kira Wadi al-Batin. Sunan ya samo asali ne daga rijiyoyin da sahabi Abu Musa al-Ash'ari ya sa aka haƙa sa'ad da yake gwamnan Basra, don alhazan da ke bin hanyar Basra zuwa Makka su sami ruwa. Kusa da shi babbar hanyar nan ta wuce wadda ta bi layin tsohon bututun mai na Tapline, wanda aka gama a 1950, ta tafi Rafha da Arar har iyakar Jodan. Garin ya yi suna da karar tumaki da raƙuma, inda Kawu yake aiki. Ban daɗe a karar ba, don wanda ya san kasuwar shanu ta Ngaundare ba wani sabon abu zai gani ba, in ban da cewa raƙumi a nan a bayan mota yake zuwa kasuwa, a durƙushe, an ɗaure shi kamar kaya.

A gefen kasuwa ne na fara ganinta. Mutane sun ja motocin a-kori-kura sun jera, sun buɗe baya, ga kwalaye da ƙananan kwanduna. In da a gida ne da na rantse tumuku ne ko dankalin da ba a wanke ba. Wasu kamar goro, wasu kamar ƙwan kaza, ɗaiɗaiku sun kai dunƙulen hannu, duk ƙasa ta manne musu. Kawu ya ɗauki wata fara-fara ya ce wannan ita ce zubaidi, sarauniyarsu, ya ɗauki wata ja mai duhu ya ce wannan khalasi, ta fi tauri. Na shinshina na ji ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka, haɗe da wani ɗan ƙamshi kamar na ɗanyar gyaɗa. Na tambayi kuɗi. Mai kaya ya ce riyal 400 kilo na zubaidi. Na yi lissafi a zuci, riyal ɗaya wajen sefa 160 a lokacin, wato sefa 64,000 ke nan, na ajiye masa abarsa a hankali kamar ƙwai. Kawu ya ce farkon kaka ne shi ya sa, in ta yi yawa a Fabrairu da Maris takan sauko, kuma ba duk wadda nake gani ce ta nan ba, ana kawo ta daga Iraƙi da Siriya har da Aljeriya da Maroko a jirgin sama. Tsofaffin garin kuwa ba sa yarda da ta waje, sai su juya ta su duba launin ƙasar da ke jikinta su ce wannan ba tamu ba ce.

Da dare muna shan shayi Kawu ya yi mini bayanin lokacinta. Su ruwansu ba irin namu ba ne. Mu ruwa yana zuwa mana cikin zafi, su kuwa cikin sanyi. Akwai kwanaki 52 da suke kira wasmi, daga wajen tsakiyar Oktoba zuwa farkon Disamba. In aka sami ruwa mai kyau a cikin waɗannan kwanaki, musamman mai tsawa da walƙiya, to kowa sai ya fara gyara mota, don bayan wata biyu ko uku faga'a za ta fito. In wasmi ya wuce ba ruwa, ko an yi ambaliya daga baya ba ta zuwa yadda ake so. Saboda haka Larabawan daji suke mata kirari da 'yar tsawa, suna cewa tsawa ce take tsaga ƙasa ta haife ta. Na ce, “Kawu, ai tsawa ƙara ce kawai, ƙara ba ta haihuwa.” Ya ce, “Kai dai malamin lakwal ne. Gobe ka faɗa wa masu abin.” Daga baya na karanta cewa ba Larabawa kaɗai ba ne, mutanen Rum na dā ma haka suka ɗauka, kuma marubucinsu Pliny, kusan shekara dubu biyu da suka wuce, ya rubuta cewa wadda ake kawowa daga Afirka ta arewa ita ce ta fi daraja a wurinsu.

Washegari tun kafin rana ta fito muka ɗauki hanya, muka saki kwalta muka shiga filin da ake kira Dibdiba. Ban san yadda Kawu yake gane hanya ba, don ni ko'ina iri ɗaya nake gani. Bayan kamar awa ɗaya muka isa wani tanti da garken tumaki. Wani saurayi dogo ya fito, ya naɗe kansa da rawani har baki, ya gai da Kawu da Larabci. Da Kawu ya ce masa ga ɗansa daga Kamaru, sai na ji ya ce, “Ustaz, sannu da zuwa, ka sha hanya.” Jama'a, jin Hausa a wannan fili da babu ko tsuntsu ya sa tsikar jikina ta tashi.

Bahaushen Sudan ne. Ya ce kakanninsa suna cikin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, daga baya mahaifinsa ya koma Wad Madani. Hausarsa tsohuwa ce mai daɗi, irin ta kakanninmu, sai dai yana tsarma Larabci kamar yadda mu muke tsarma Fulatanci da Faransanci. Shekararsa shida yana kiwon tumakin wani Balarabe. Faga'a kuwa ba ta cikin aikin da aka ɗauke shi, abin da ya tsinta nasa ne, Kawu yakan kai masa kasuwa ya sayar. Ya ce shekarar da ta yi kyau, abin da yake samu a wata biyun nan yakan fi albashinsa na watannin.

Ya ba ni wani ɗan tsinken ƙarfe, ya ce mu yi sauri kafin hantsi. Dalili kuwa, ita faga'a a cikin ƙasa take, ba ta da ganye ba ta da kara, ba abin da ke nuna ta sai ɗan kumburi da 'yar tsaga a fuskar ƙasa in ta girma ta turo. Wannan kumburi ba a ganinsa sai rana tana ƙasa-ƙasa, da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da ko tsakuwa tana da inuwa. In rana ta take, ƙasa duk ta zama ɗaya. Abu na biyu, ya nuna mini wata 'yar ciyawa da ba ta kai taƙi ba, mai siraran ganye masu toka-toka, ya ce sunanta ragrug, in ta yi fure rawaya ne. Ya ce, “Ustaz, kada ka wahalar da idonka inda babu wannan. Inda take, nan za ka duba, kamu ɗaya ko biyu daga gindinta.”

Na yi ta sunkuyo har bayana ya ƙage. Na tona ramin ƙwaro, na tona dutse, na tona kashin raƙumi da ƙasa ta rufe, Kawu yana zaune a mota yana mini dariya. Shi kuwa saurayin tafiya yake a miƙe kamar mai zuwa masallaci, sai ka ga ya tsaya, ya durƙusa, ya zura ƙarfe a gefe ya ɗaga, sai ga ta. Ya tsinci bakwai ni ban ga ko ɗaya ba. Ni da nake tsawata wa yara a aji ina cewa su buɗe ido, ga ni da tabarau ina taka abin da nake nema. Can ya kira ni ya ce in duba gabana. Na duba ban ga komai ba. Ya ce in tsuguna in sa rana a gabana. Da na yi haka sai na ga wata 'yar tsaga mai reshe uku, kamar wadda ƙasa take yi in gyaɗa za ta tsiro. Na sa yatsa na kau da ƙasa, ko zurfin ɗan yatsa ban yi ba na taɓa abu mai sanyi da santsi. Zubaidi ce kamar ƙwan zabuwa. Na juya ta ko'ina ina neman saiwa, babu, sai ɗan wuri a ƙasanta da rairayi ya dunƙule, kamar cibiya.

A nan ne karatun da nake koya wa 'yan aji shida ya dawo mini. Akwai darasin da muke yi a kan abin da littafin Faransanci yake kira shampinyo, wato dangin naman kaza da laimar kwaɗi da fumfunar da ke fitowa a kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu. Waɗannan halittu ba tsiro ba ne, ba su da koren ganyen da zai haɗa musu abinci daga hasken rana, saboda haka dole su ci daga jikin wani. Ainihin jikinsu zare ne sirara ƙwarai, sun fi saƙar gizo-gizo, suna bazuwa cikin ƙasa ba a gani. Abin da muke tsinta mu ci kamar 'ya'yansu ne kawai. To, zaren faga'a yana naɗe saiwar ragrug har ya shiga cikinta. Ciyawar tana ba shi sukarin da ganyenta ya haɗa, shi kuma yana jawo mata ruwa da gishirin ƙasa daga inda saiwarta ba ta kaiwa. Da haka su biyun suke rayuwa a wurin da ko akuya sai ta yi tunani. Ruwan wasmi shi ke tayar da ciyawar da zaren tare, kuma shi ne ruwan da ya fi zuwa da tsawa. Ashe Larabawan daji sun lura daidai, sai dai sun ba tsawa ladan da yake na ruwa ne. Na faɗa wa saurayin haka. Ya ce, “Kwayyis, Ustaz. Amma ni in ban ji tsawa ba ba na fita.” Na rasa abin cewa, don a aikace maganarmu ɗaya ce.

Wani abu da na ga yana yi, duk ramin da ya tona sai ya mai da ƙasa ya daddanna da tafin hannu, ƙanana kuma masu kamar gujiya ba ya cirewa. Irin faga'a yana cikin namanta, ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, sai ta tsufa ta bushe ta ruguje iska ta kwashe su. In aka kwashe duka tun ba su nuna ba, ko aka bar saiwar ragrug a buɗe ta bushe, baɗi sai a nema a rasa. Ya nuna mini wani fili da sawun tayoyi ya yi wa kaca-kaca, ya ce 'yan birni ne masu zuwa ranar Juma'a da manyan motoci, wasu har da manjagara suke kakkarce ƙasa. Amma da Kawu ya ce ai tumakinka ma suna cinye ragrug, sai ya yi murmushi bai musa ba. Gaskiya ce, dā makiyayi yana bin ruwa ya tashi ƙasa ta huta, yanzu kuwa tanka tana kawo ruwa, mota tana kawo sha'ir, garke ya zauna wuri ɗaya har ya aske shi. A 2018 gwamnatin ƙasar ta keɓe manyan filaye a arewa ta mai da su gandun sarauta, aka sa doka a kan kiwo da saran itace a cikinsu.

Da rana ta ɗaga muka koma tanti. Ya ware manyan na kasuwa, ya zaɓi uku da ƙarfe ya ji wa rauni ya tura su cikin toka mai zafi. Bayan ɗan lokaci ya ciro, ya kakkaɓe, ya yanka, ya barbaɗa gishiri. Cikinta fari ne mai ɗan jirwaye. Yaya zan kwatanta muku? Ba gari-gari take kamar dankali ba, tana da ɗan danƙo a haƙori tsakanin awara da ƙoda, ɗanɗanonta kuma ba mai ƙarfi ba ne, yana zuwa a hankali. Da dare matar Kawu ta dafa mana wata cikin shinkafa da naman rago da man shanu, a nan ta fi daɗi, don tana shan romo. Aibinta ɗaya, rairayi. Ko an kankare an wanke sau nawa sai ka ji ƙaras a haƙori.

Muna ci Kawu ya ce mu gode Allah a nan sunkuyo kawai ake sha. A Kuwait, bayan yaƙin 1991, nakiyoyin da aka binne sun hana mutane shiga daji shekaru. A Siriya kuwa abin ya fi muni, don talauci yana tura mutane hamada neman kam'a, wasu su taka nakiya, wasu 'yan bindiga su tare su. A ranar 17 ga Fabrairu 2023 kaɗai an kashe fiye da mutum 50 kusa da garin Sukhna, yawancinsu masu wannan nema. Na tuna kwalayen da na gani a kasuwa waɗanda aka ce daga can suke, na kuma tuna yadda nake cinikin wasa a kansu.

Saurayin bai sa baki a wannan hira ba. Tun safe na lura kowane ɗan lokaci yakan ciro waya ya ɗaga sama ya duba ya mayar. Da na tambaya sai Kawu ya amsa a madadinsa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya iso Wad Madani a mako na uku na Disamba, dakarun RSF suka shiga garin, mutane dubbai suka fita, da yawa a ƙafa. Mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa biyu da ƙanensa suna ciki. Yau kwana goma sha ke nan bai ji muryar kowa ba. Kuɗin faga'ar da ya tara yana nan, da ma ta manhajar Bankak yake tura musu, amma bai san wa zai tura wa ba. Ya ce, “Ustaz, in na zauna a tanti tunani zai kashe ni. Gara in yi ta duban ƙasa.” Na zaro abin da ke aljihuna na ce a sayar mini da rabin kilo a farashin kasuwa. Ya ƙi, ya ce baƙo ba ya saye. Sai da Kawu ya ce ba ni ke saye ba, wani malami ne makaho a Garwa ya aiko, sa'an nan ya karɓi rabin kuɗin, ya ƙara mini wadda na tona da hannuna.

Da na dawo gida na bincika sunayen da masana suka ba ta, na sami abin dariya da na haushi. Khalasi tana cikin dangin da suke kira Terfezia, daga kalmar terfas ta mutanen Aljeriya da Maroko, wannan ba laifi. Zubaidi kuwa tana cikin wani ɗan ƙaramin dangi mai suna Tirmania, wanda ire-irensa ba su da yawa, biyu aka fi sani. Wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna Adolphe Chatin ne ya raɗa sunan a 1892, don girmama Louis Tirman, gwamnan mulkin mallaka na Aljeriya daga 1881 zuwa 1891. Wato abincin da makiyaya suke tonowa tun kafin zuwan Musulunci, yau a littattafan duniya sunan gwamnan Nasara yake ɗauke da shi. Mu da muka saba da tituna masu irin waɗannan sunaye ba mu yi mamaki ba. Hanyar da suke rarrabe dangin biyu kuwa ta burge ni, don irin gwajin da nake yi wa yara ne da aidin a kan rogo: in aka ɗiga ruwan aidin a kan 'yan jakunkunan irin Tirmania aka duba a madubin ƙara girma, sai su yi shuɗi, na Terfezia ba sa yi.

Daɗin daɗawa, Turawa suna da tasu da Faransawa ke kira turuf, dangin Tuber, baƙa a Faransa fara a Italiya, wadda take fitowa a gindin manyan itatuwa, karnuka ke shinshino ta, ana sayar da ita da awon giram. Ita suke kira ta gaskiya. Akwai kuma wasu masu kama da ita da suke kira na ƙarya, waɗanda asalinsu dangin laimar kwaɗi ne da suka zauna a dunƙule cikin ƙasa ba su buɗe laima ba. Ta hamada ba ta cikin waɗannan, amma ita ma ba su sa ta a layin ta gaskiya ba. Ni dai na ci, na ƙoshi, ban ga ƙaryarta ba.

Wani abokin aikina da na ba shi labari ya ce me zai hana mu shuka ta a nan arewa, tun da muna da rana da fako? Ana shuka ta kam. Masana a Jami'ar Murcia ta ƙasar Sifen sun fara gonarta a 1999, suna haɗa zaren da saiwar ciyawar tun a wurin reno sa'an nan su dasa, a Ƙasim ma akwai manoman da ke yi da ban ruwa. Sai dai tana son ruwa cikin sanyi, mu kuwa lokacin sanyinmu ko ɗigo ba ma samu. Abin da muke da shi shi ne naman kazan suri, wanda gara take nomawa a cikin gidanta ya fito da damina, matan ƙauye suna kawo shi bakin hanyar Ngaundare, mu 'yan birni muna wucewa muna yatsina.

Saura saƙon Malam. Faga'a ba ta jimiri, kwana kaɗan take yi ta fara laushi da wari, ni kuwa ina da sauran kwana shida kafin jirgi. Matar Kawu ta yanyanka ta fale-fale ta shanya a inuwa, rabin kilon nan ya koma abin da bai cika tafin hannu ba. Haka na kai masa a ƙulle cikin takarda. Ya shafa, ya shinshina, ya sa ɗan ɓalli a baki, ya ce in faɗa masa komai daga farko. Na faɗa masa ragrug da wasmi da tsagar ƙasa. Da na zo wurin cewa ba a shuka ta ba a yi mata ban ruwa, sai dai a wayi gari a tsinta, sai ya ɗaga hannu ya ce in tsaya. Ya ce, “To, ga ma'anar mannu nan. Haka masu sharhi suka ce, abin da ya zo ba da wahalar noma ba. Na karanta na karantar, amma sai yau na gane.” Ya ce daga yau an daina cewa naman kaza a zaurensa, a ce kam'a, a yi bayani.

Sa'an nan ya yi dariya ya ce, “Amma Metir, ka kawo mini kam'a ba ruwa.” Na ce, “Allah gafarta Malam, haka ta samu.” Na gaya masa cewa a 2004 wasu masu bincike a Jodan sun gwada ruwan khalasi a ɗakin gwaji suka ga yana hana wata ƙwayar cuta yaɗuwa, amma yana ba ƙwayar cuta ce ke kawo ta ba, ƙwayar idon ce take dushewa, kuma likitoci suna cire ta cikin ɗan lokaci. Ya ce shi ma ya san malamai sun yi saɓani, wasu sun ce a ɗiga ruwan zalla, wasu sun ce a haɗa da kwalli, wasu sun ce ya danganta da irin ciwon. Shekara biyu 'ya'yansa suna fama da shi ya je asibiti yana ƙi. Ban ce maganata ce ta sa ba, amma bayan azumi ya yarda aka yi masa aikin ido ɗaya, yanzu yana ganin manyan baƙaƙe. Busasshiyar kam'ar tana nan cikin gafakarsa, in karatu ya kawo wurin sai ya ciro ta a zaga da ita hannu-hannu.

Ranar da na kai masa, har na miƙe zan tafi ya ce, “Shi yaron nan na Sudan fa, ya ji labarin mutanensa?” A lokacin ban sani ba. Sai a ƙarshen Janairu Kawu ya aiko mini da saƙon murya, ya ce uwar da matar da yaran sun isa Gadarif, suna zaune a wata makarantar firamare tare da wasu iyalai, kuɗin ya kai gare su. Ƙanen ne aka rabu da shi a hanya, har lokacin ana cigiya.